Haddar Kalmomin Ingilishi Don Wasa: Ina Aka Bar Ma'ana?

A 'yan shekarun nan wasannin kalmomi na Ingilishi sun samu gindin zama a makarantunmu, musamman na birane. Akwai gasar harhaɗa haruffa, inda ake kiran kalma yaro ya jero baƙaƙe da wasulanta ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasan cike gurabe da ake bugawa a jaridu da bayan littattafan aiki. Akwai kuma wasan allo mai suna Scrabble, wanda wasu makarantu suka kafa wa ƙungiya ta musamman, ga kuma ire-irensu da suka cika wayoyin hannu. Tare da waɗannan wasanni sai wata sabuwar haja ta shigo kasuwa, wato jerin kalmomi: takardu da ƙananan littattafai masu ɗauke da ɗaruruwan kalmomin Ingilishi, an jera su bisa yawan haruffansu ko bisa harafin da suka fara da shi, wani lokaci da 'yar guntuwar ma'ana a gefe, sau da yawa kuma babu ko ita. Ana miƙa wa yara su haddace, iyaye na murna, hukumar makaranta kuma na kafa hoton wanda ya ciyo kofi a bakin ƙofa.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, wasan kalmomi abu ne mai amfani ƙwarai, amma jerin kalmomin da aka tsara domin cin wasa ba shi ne rumbun kalmomin da yaro yake bukata ba. Malamin da ya kasa bambance waɗannan biyu zai iya yaye ɗalibai masu cin gasa, waɗanda idan aka ba su shafi guda na littafin kimiyya ba za su iya ba da labarin abin da ke ciki ba. Wani ɗalibi zai ce, to mene ne ruwan mai nazarin Hausa da wannan? Ruwansa babba ne. Da yawa daga cikinku kuna haɗa Hausa da Ingilishi ko wani darasi a karatunku na N.C.E., kuma duk wanda aka tura firamare ya san cewa a can ba a zaɓen darasi, abin da aka miƙo maka shi za ka koyar. Bugu da ƙari, yaron da Hausa ce harshensa na farko, ta ƙofar Hausa ma'anar kalmar Ingilishi take fara shiga kansa, ko malami ya so ko ya ƙi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare, a 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara shida, a Nuwamba 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi. Duk yadda manufa ta juya, ƙwaƙwalwar yaron da ke zaune a kan tabarma a aji biyu ba ta juya tare da ita ba.

Ya kamata mu fara sanin yadda aka gina shi wannan wasa, domin a cikin gininsa matsalar take. Wani Ba'amurke masanin zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, lokacin da karayar tattalin arziki ta raba shi da aikinsa. A 1948 James Brunot ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi a yau. Butts ya zauna ya ƙirga yawan aukuwar kowane harafi a shafukan jaridu, ciki har da shafin farko na New York Times, sannan ya raba 'ya'yan wasa 100 bisa wannan ƙidaya. Harafin E, da yake ya fi kowane yawa a Ingilishi, ya samu 'ya'ya 12, kowane da maki 1. Haruffan Q da Z, da yake ba su cika fitowa ba, kowane ɗa guda ne, amma da maki 10. Allon yana da gidaje 225, wato 15 sau 15, ɗan wasa yana riƙe da haruffa 7, idan kuma ya zuba su duka a lokaci guda sai a ƙara masa maki 50. A lura da kyau: a cikin duk wannan lissafi babu inda aka ware wa ma'ana ko da maki ɗaya. Darajar kalma a kan allo tana ga haruffanta da gidan da ta faɗa. Abin da alƙalin wasa zai duba kawai shi ne, tana cikin jerin da aka amince da shi ko ba ta ciki.

Babu hujjar da ta fi ta Nigel Richards ƙarfi a nan. Mutumin ƙasar Niyu Zilan ne, ya ci gasar duniya ta Ingilishi har sau biyar. A Yulin 2015 ya shiga gasar duniya ta Faransanci a ƙasar Beljiyam ya cinye, alhali ba ya jin Faransanci. Abin da ya yi shi ne haddace jerin kalmomin wasan cikin kimanin mako tara. A 2024 ya maimaita irin wannan a gasar harshen Sifaniyanci a birnin Granada. Mutumin da ya kayar da masu harshe a kan kalmominsu, sai an nemo masa tafinta kafin ya yi musu godiya. Wannan bajinta ce ta ƙwaƙwalwa wadda ba mai musunta ta, sai dai ta nuna mana ƙarara cewa ana iya kaiwa ƙololuwa a wasan ba tare da an san harshen ba.

Mu ma a Nijeriya muna da abin alfahari a wannan fage. A Nuwamban 2015 Wellington Jighere, ɗan Jihar Delta, ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, inda ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema a zagayen ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambi, kuma ƙasarmu ta daɗe tana cikin sahun gaba a wasan. Wannan nasara ita ta ƙara wa makarantu da yawa ƙaimi, kuma babu laifi a ciki. Laifin yana wurin da aka ɗauki horon ɗan wasa aka mayar da shi darasin harshe. Jighere da takwarorinsa 'yan wasa ne, haddar jeri sana'arsu ce, kamar yadda ɗan dambe yake dukan buhun yashi. Yaron aji biyar kuwa Ingilishi yake nema domin ya karanta lissafi da kimiyya da tarihi, ya rubuta wasiƙa, ya fahimci tambayar jarrabawa.

Bari mu leƙa cikin jerin mu ga irin kalmomin da ake fara dora wa mai koyo. Kundin Collins, wanda ake amfani da shi a gasannin ƙasa da ƙasa har da namu, yana ɗauke da kalmomi sama da 270,000. Kowane mai horarwa zai ce a fara da masu harafi biyu, waɗanda a bugun 2019 suka kai 127, domin su ne ke ba da damar manna kalma a jikin kalma. Daga cikinsu akwai QI, wato ƙarfin rai a falsafar mutanen Sin. Akwai XU, wani ƙaramin kuɗi na ƙasar Biyetnam. Akwai AA, wani nau'in dutse mai kaushi da aman wuta yake bari, kalmar kuma daga harshen mutanen tsibirin Hawayi take. JO masoyi ne a bakin mutanen Sikotland, ZA kuwa taƙaitaccen sunan abincin nan ne na Italiya da ake gasawa da fulawa da cuku. Ina roƙon mai karatu ya tambayi kansa, a wane shafi na wane littafin firamare ko sakandare yaro zai ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan? Baturen Ingila da kansa zai iya tsufa ya mutu bai taɓa furta XU ba.

Wani abin ban dariya shi ne, ɗan Bahaushe idan ya duba wannan jeri zai ga kamar an kwaso kalmomin gidansu ne. Zai ga ZO, da KA, da MU, da BA, da KO, da AI. Amma ZO ta Ingilishi wata dabba ce ta yankin Tibet, wadda ake samu idan aka haɗa saniya da wani bijimin tsaunuka mai yawan gashi. KA da BA sunayen ruhi ne a aƙidar Misirawan dauri. MU harafi ne na Girkanci. AI wata dabba ce mai tsananin nawa da ke rataye a bishiyoyin Kudancin Amurka. Yaron da ya haddace su ba tare da an gaya masa haka ba, ko dai ya ɗauke su a matsayin fanko, ko kuma ya cika su da ma'anar Hausa, dukkan biyun kuwa ba su ƙara masa Ingilishi ba.

Akwai kuma wani jeri da ya fi wannan jan hankalina a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne na kalmomi masu Q wadda U ba ta biyo ta ba. 'Yan wasa na ji da su ƙwarai, domin Q nauyi ce a hannu idan babu U. A cikinsu akwai QADI, da QIBLA, da FAQIR, da NIQAB, da SUQ. Ɗan wasa a Landan ko Bankok yana haddace su kamar lambobin waya. Ɗan Kano ko Zinder kuwa ya san su tun yana goye: alƙali, alƙibla, fakiri, niƙabi. Ingilishi ya aro su daga Larabci, Hausa ma daga can ta aro su, kowa ya daidaita su da tsarin sautinsa. Hausa ta haɗiye “al” ta Larabci ta mayar da ita jikin kalma a alƙali da alƙibla, ta kuma ƙara wasali a ƙarshe domin yawancin kalmominta da wasali suke ƙarewa. Ita ma SUQ, masana suna ganin daga tushenta ne “kasuwa” ta fito, bayan ta biyo ta harshen Barebari. Ga darasi cikakke a kan aron kalmomi, ga tarihi, ga tsarin sauti, duk a cikin kalmomi biyar. Malamin da ya miƙa wa yara wannan jeri ya ce su haddace kawai, ya zubar da dukiyar da ke hannunsa bai sani ba.

Me ake nufi da sanin kalma?

Masana koyar da harshe, musamman Paul Nation, sun raba sanin kalma gida uku: sanin siffarta, wato yadda ake furta ta da rubuta ta da sassan da suka gina ta, sanin ma'anarta, da sanin yadda ake amfani da ita, wato waɗanne kalmomi take tafiya da su, a wane irin zance, a gaban wa. Jerin wasa yana ba da rabin kashi na farko ne kawai, wato rubutu. Ko furuci ba ya bayarwa.

'Yar ma'anar da ake liƙawa a gefen kalma kuwa, wani lokaci ta fi rashinta haɗari, domin tana koya wa yaro cewa kowace kalma tana da abokiya guda ɗaya tak a ɗaya harshen. A rubuta “bank” a ce banki. Ranar da yaro ya karanta labarin masunci da ya zauna a “bank” na kogi, sai ya rasa abin da ya kai ma'ajiyar kuɗi bakin ruwa, alhali gaɓa ake nufi. A rubuta “spring” a ce bazara, a manta da idon ruwa, a manta da sifirin na mota, a manta da zabura. Babban ƙamus na Oxford a bugun 1989 ya kawo wa kalmar “set” ma'anoni sama da 400, da aka sake bitar aikatau “run” kuma aka samu 645. Ƙananan kalmomin nan da yaro yake ganin ya gama da su, su ne masu zurfin rijiya.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin harshensa ma haka yake. A ɗauki “ci”: ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin kasuwa, ana cin gari da yaƙi. A ɗauki “sha”: ana shan ruwa, ana shan wahala, ana shan iska, ana shan kashi, ana shan alwashi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan da aikatau dabam Ingilishi yake faɗinta. Yaron da aka koya wa cewa “sha” ita ce “drink” shi ne zai rubuta cewa ya yi “drink” na ƙwayar magani, alhali Bature “take” yake cewa. Wanda aka koya wa cewa “ji” ita ce “hear” shi ne zai yi “hear” na wari da na yunwa. Duk wanda ya taɓa duba takardun insha'i na 'yan sakandare ya san waɗannan kurakurai, kuma tushensu guda ne: an ba da kalma tsirara, ba a ba da jumlar da take rayuwa a ciki ba. Haka kuma ta ɗaya ɓangaren, “uncle” guda ɗaya ta Ingilishi ta haɗe baffa da kawu, waɗanda Bahaushe ba ya taɓa gwama su.

Sai batun yawa. Nawa ne yaro yake bukata? Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, waɗanda suka fi yawan aukuwa a Ingilishi, kuma su kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke shafin rubutu na yau da kullum. A 2000 Averil Coxhead ta fitar da wani jeri na iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan ilimi. Nation kuma a 2006 ya ƙiyasta cewa mai karatu yana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko ƙagaggen labari ba tare da yawan tuntuɓe ba. A kwatanta waɗannan alƙaluma da 270,000 na kundin wasa. Lokacin darasi kaɗan ne, minti 35 ko 40. Duk mintin da aka kashe a kan XU an ɗebe shi ne daga rabon “although” da “unless” da “compare” da “describe”, waɗanda rashin saninsu ke kayar da yara a jarrabawa, domin da su ake gina tambayar kanta.

Masu kare haddar jeri suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Suna cewa wasa yana sa yaro son kalmomi, yana gyara masa rubutu, yana koya masa haƙuri da lissafi, ma'ana kuma za ta biyo baya da kanta. Kashi uku na farko gaskiya ne. Ingilishi harshe ne da rubutunsa ya yi hannun riga da furucinsa a wurare da yawa, saboda haka duk abin da zai sa yaro ya ƙura wa jerin haruffa ido alheri ne. Ni kuma ba abokin gabar hadda ba ne. Al'ummarmu ta san darajarta tun kafin zuwan boko, sai dai a tsarinmu na gargajiya ma, wanda ya yi hadda yakan zauna gaban malami a zaure a bi masa littafi kalma bayan kalma ana fassarawa, ba a taɓa cewa ma'ana za ta zo da kanta ba. Inda na rabu da su ke nan. Kalmar da ba a taɓa gani a cikin jumla ba, babu hanyar da ma'anarta za ta biyo. Su kansu Amurkawa, masu babbar gasar harhaɗa haruffa ta Scripps wadda aka fara tun 1925, sun kai ga gane haka: a 2013 suka shigar da tambayoyin ma'ana cikin jarrabawar share fage, a 2021 kuma suka kawo su kan dandamali, yaro ya faɗi ma'ana a gaban jama'a ko ya fita.

Abin da nake ganin ya dace

Ba na kiran a kori wasa daga aji. Kira nake a sauya masa doka guda ɗaya: babu maki sai da ma'ana. Yaro ya ajiye kalma, sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya samu makinsa. Idan ya sa ta a cikin jumlar Ingilishi mai kyau, a ninka masa. Idan abokin karawarsa ya kawo wata ma'ana ta biyu da shi bai ambata ba, shi ma a ba shi rabo. Za a ce wannan zai rage wa wasa gudu, kuma haka ne. Ƙungiyar da ke shirin zuwa gasa ta bi dokokin gasa a lokacinta, amma a cikin aji mu ne masu doka. Na kuma ce da Hausa ne da gangan. Akwai makarantun da har yanzu suke cin tarar yaro idan ya yi Hausa a harabarsu. A irin wannan wuri yaro zai haddace ma'anar Ingilishi da Ingilishi ya maimaita kamar aku, malami kuma ba shi da hanyar gane ko ya fahimta. Idan ya ce “borrow” ara ce ta karɓa, “lend” kuma ara ce ta bayarwa, to nan ne za ka tabbata abin ya zauna, domin Hausa da kalma guda take faɗin su biyun, sai dai ta sauya mata gini.

Na biyu, malami ya zaɓi kalmomin da kansa daga littattafan da yaran ke karantawa, ya kuma karkata wasan zuwa inda ɗan Bahaushe yake tuntuɓe. Hausa ba ta bambanta P da F a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, ba ta kuma da V. Saboda haka wasan sauya harafi guda yana da riba ta musamman a wurinmu: “pan” da “fan”, “pull” da “full”, “pill” da “fill”, “van” da “ban”, “vote” da “boat” ta fuskar furuci. Wasan juya haruffa kuma yana kama tagwayen da ke rikita masu rubutu: “quiet” da “quite”, “from” da “form”, “diary” da “dairy”, “angel” da “angle”, “marital” da “martial”. Na ƙarshen nan, ɗaya ta shafi aure, ɗaya ta shafi yaƙi, harafi biyu ne kawai suka yi musayar wuri.

Dabarar nan ta 'yan wasa ta manna harafi a gaba ko bayan kalma ita ma ƙofa ce ta koyar da ƙirar kalma, muddin malami yana tsaye a kai. Idan aka ƙara ɗafa-goshi “un” ko “re”, ko ɗafa-ƙeya “ed” ko “ing” ko “ness”, an taɓa ma'ana ta hanya mai ƙa'ida, kamar yadda “ma” take yi a manomi da makaranta da mabuɗi. Amma idan aka manna S a gaban “laughter” aka samu “slaughter”, an tashi daga dariya an koma yanka, babu wata dangantaka tsakaninsu, ko furucinsu bai yi kama ba. Haka “host” da “ghost”. A wurin ɗan wasa duka biyun manni ne, makinsu yake ƙirgawa. Aikin malami ne ya nuna wa yaro wanne ne ɗafi na gaskiya, wanne ne kuma haɗuwar haruffa kawai.

Kayan aiki ba su zama uzuri ba. Kwali da murafun kwalba da alli sun isa. Aji mai yara 80 a raba shi rukuni-rukuni, a zana gidaje a kan allo, kowane rukuni ya naɗa mai riƙe ƙamus. Kowane yaro kuma ya ware littafi guda da zai riƙa rubuta kalmomin da aka buga a ranar, da ma'anarsu, da jumla ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Muna ta rububin wasannin kalmomi na Ingilishi kamar mu ba mu da namu. Zaurance wasan gaɓa ne tsantsa, yaron da ya iya mayar da “tafi” ta koma “tadafidi” ya riga ya san iyakar gaɓa kafin a koya masa sunanta. Karangiya horon furuci ce. Kacici-kacici kuwa wasan ma'ana ne zalla, wanda ba a cinsa da hadda kaɗai sai an gane dangantakar siffa da abu. Idan aka juya gaɓoɓin “gari” a rubuce za a samu “riga”, “rago” ya ba da “gora”, “sama” ta ba da “masa”, “tafi” ta ba da “fita”, “bara” ta ba da “raba”. Da yake kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsayin wasali, muna da wani wasa da Ingilishi ba shi da irinsa da yawa haka: a rubuta “gari” ko “fari” ko “kuka” ko “wuya” ko “baba” a allo, kowane rukuni ya kawo iyakar ma'anonin da zai iya, da furucin kowace. Yaron da ya saba da cewa “fari” na iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko mafari, ba zai firgita ba ranar da ya tarar “spring” tana da fuska huɗu.

Duk wanda ya taɓa gwada buga Scrabble da Hausa a kan allon Ingilishi ya san ba ya tafiya. 'Ya'yan E guda 12 sun yi mana yawa, A guda 9 sun yi mana kaɗan ƙwarai, K guda ɗaya tak ce alhali da ƙyar za a yi jumlar Hausa babu ita. Q da V da X ba su da aiki, sannan babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y. Akwai kuma tambayar da sai masu nazarin harshe sun zauna a kanta: shin “sh” da “ts” ɗa guda za a ba kowannensu, tunda sauti guda ne, ko biyu? Yaya za a yi da “ky” da “gw” da “ƙw”? Wane kundi ne zai zama alƙali? Muna da ƙamus na Bargery na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, da na Abraham na 1949, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wanda ya yi bayanin Hausa da Hausa. A ganina na ƙarshen ya fi dacewa da aji, domin yana bin daidaitacciyar Hausa, kuma yaron da ya buɗe shi don ya kare kalmarsa dole ya karanta ma'anarta.

Aikin da Butts ya yi ba ya bukatar injin ko tallafin wata hukuma. Ɗalibai goma su ɗauki shafi goma na rubutun Hausa, wasu daga jarida, wasu daga ƙagaggen labari, wasu daga littafin makaranta, kowa ya ƙirga haruffan shafinsa, a haɗa jimla, a raba 'ya'ya 100 bisa abin da aka samu, harafin da ya fi ƙaranci ya fi maki. Aikin mako biyu ne, kuma ya isa ya zama kundin kammala karatu mai ma'ana. Wanda zai tafi koyarwar gwaji a zango mai zuwa yana iya yanka kwalinsa tun yanzu, ya gwada allon Hausa ranar Talata, na Ingilishi ranar Alhamis, da yara guda, da doka guda, ya rubuta abin da ya gani ya kawo wa sashe.